Ido, sikeli ko gwajin DNA: da wanne za ka zaɓi bijimin garkenka?

Saniya komai kyanta maraƙi ɗaya za ta ba ka a shekara, shi ma in an dace. Bijimi kuwa shi kaɗai zai iya barbarar shanu 25 zuwa 30 a kaka ɗaya, kuma duk maraƙin da aka haifa rabin jininsa nashi ne. In kana ajiye karsanun da ka haifa su zama iyaye a garken, toh bayan ka canza bijimi sau uku, kashi 87.5 cikin 100 na jinin 'yan bayan daga waɗannan bijimai ukun ya fito, rabi daga na ƙarshe, kwata daga na gabansa, rabin kwata daga na farko. Kaga kenan ranar da ka zaɓi bijimi ba dabba ɗaya ka saya ba, yadda garkenka zai kasance nan da shekara goma ka saya. Shi ya sa abin yake damuna in na ga mutum ya zuba kuɗi a abinci da magani da shinge amma zaɓen bijimi sai ya yi shi cikin minti biyar saboda wai ya cika ido.

Hanyoyin da ake bi dai sanannu ne, akwai kallo da ido, akwai awo da rubutawa, akwai lambobin ƙiyasin gado da ake kira EBV ko EPD, sai kuma gwajin DNA, wato na ƙwayoyin gado, da ya shigo daga baya. Mutane suna ɗauka kamar na baya ya zo ya kashe na gaba ne, alhali ba haka abin yake ba sam.

Bara mu fara da ido tunda shi kowa yake da shi. Ni ban yarda da masu raina ido ba. Akwai abubuwan da babu takardar da za ta nuna maka su, kofaton da ya karkace, ƙafar baya da ta miƙe sosai har ba zai jure hawa ba, muƙamuƙin da bai haɗu daidai ba, maraina ɗaya babba ɗaya ƙarami, hantsar uwarsa in ta zube ko kan nonon ya yi kaurin da sabon maraƙi ba zai iya kamawa ba, da kuma hali, don bijimi mai faɗa yana gadar wa 'ya'yansa kuma dabba mai firgita ba ta ƙiba kamar mai natsuwa. Duk wannan aikin ido ne. Inda ido yake cin amanarka shi ne wajen girma. Abin da kake gani a jikin dabba haɗin abu biyu ne, jinin da ya gada da kuma abincin da ya ci, kuma ido ba ya iya raba su. Wanda aka ɗaure aka yi ta ɗura wa abinci wata huɗu kafin a kai shi kasuwa zai fi kowa kyan gani, amma kitsen nan ko giram ɗaya ba zai wuce zuwa ga 'ya'yansa ba.

An taɓa ganin illar bin ido zalla. A Amurka a shekarun 1940 zuwa 1950 alƙalan gasar shanu suka raja'a kan gajerun shanu masu dunƙulallen jiki, kowa ya koma neman irinsu, ashe wasu daga cikin bijiman da ake yabo suna ɗauke da jinin wadanci a ɓoye, sai ga wadannin maraƙa suna ta fitowa musamman a shanun Hereford, masu kiwo da yawa suka tafka asara kafin a share abin. Kuma ko Robert Bakewell na Ingila, wanda ake yi wa kallon uban gyaran irin dabbobi tun ƙarni na 18, bai tsaya ga idonsa ba, yakan ba da hayar mazajen dabbobinsa ga wasu manoma sannan ya bi ya ga irin 'ya'yan da suka haifa kafin ya san wanda zai riƙe.

Toh sai awo. Nan ne nake so in daɗe don nan ne ribar take, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Kayan aikin ba su da yawa, lambar kunne ga kowace dabba, sikeli, in babu sikeli a yi amfani da tef ɗin auna zagayen ƙirji duk da bai kai sikeli daidai ba, sai littafi ko waya. Abin da za ka rubuta: ranar haihuwa, uwa da uba, nauyin haihuwa, ko ta haihu da kanta ko sai da aka ja, nauyin yaye, nauyin shekara ɗaya. Shikenan fa.

Ka duba wannan misalin. Ranar yaye ka auna maraƙi biyu, na farko kilo 180, na biyu kilo 165, duk an haife su da kilo 30. Kowa zai ce na farko ya fi. Amma littafi ya nuna na farko kwanansa 240 a duniya, na biyu 190. Na farko ya ƙara kilo 150 cikin kwana 240, wato giram 625 kullum, na biyu ya ƙara kilo 135 cikin kwana 190, wato kusan giram 710 kullum. In ka mayar da su shekaru ɗaya, kamar yadda ake yi a Amurka inda ake daidaita nauyin yaye zuwa kwana 205, na farko zai tsaya wajen kilo 158, na biyu wajen 176. Wanda ido ya yar shi ne ya fi da kusan kilo 18. A tsarin BREEDPLAN na Ostareliya kwana 200 da 400 da 600 suke amfani da su, amma tunanin ɗaya ne. Sannan ana la'akari da shekarun uwa, don karsana mai haihuwar fari ba ta da nono kamar saniya mai shekara shida, in ba ka gyara wannan ba sai ka zalunci ɗanta.

Sai wata ƙa'ida da in ka karya ta duk awon ya tashi a banza: ba a kwatanta dabba sai da tsaranta. Jinsi ɗaya, haihuwar lokaci ɗaya, makiyaya ɗaya, abinci ɗaya. Maraƙin da aka haifa lokacin da ciyawa ta wadata ba a haɗa shi da na lokacin fari, wanda ka ware kana ba shi ƙari ba a haɗa shi da na cikin garke. Kuma dan Allah a auna duka, har da marasa kyau. Wasu sai su auna zaratan kawai, ba su san cewa hakan yana ɗaga matsakaicin rukunin ba, sai zakaran ma ya fito kamar bai fi kowa da komai ba.

Yanzu ga inda lissafin gado yake shigowa, kuma shi ne yake sanyaya wa mutum zumuɗi. Ba duk fifikon da ka auna ake gada ba. A nauyin yaye abin da ake gada bai fi kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin dabbobi ba, sauran nonon uwa ne da ciyawa da lafiya. Nauyin shekara ɗaya ya fi, yana kai 35 zuwa 45. Siffofin nama kamar faɗin tsoka da kitsen cikin tsoka suma suna da gado mai ƙarfi. Haihuwa kuwa, wato saurin ɗaukar ciki da tazarar haihuwa, gadonta ƙasa yake sosai, yawanci wajen kashi 10 ko ƙasa da haka. Kenan in ɗan bijimi ya fi tsaransa da kilo 40 ranar yaye, a ɗauka gadon kashi 30 ne, fifikon jininsa kilo 12 ne, kuma rabi zai miƙa wa 'ya'yansa, kilo 6 kenan kan kowane maraƙi. Wani zai ce haba, duk wahalar nan kan kilo 6? Ka ninka shi sau maraƙa 25, ka ninka sau shekarun da zai yi yana aiki, sannan ka tuna wannan ƙarin ba ya gogewa, bijimi na gaba a kansa zai ɗora. Abinci in ka daina bayarwa ƙibar ta tafi, jini kuwa yana nan.

Maganar haihuwa kar ƙarancin gadonta ya sa ka yi watsi da ita, don a kiwon shanun nama babu abin da ya kai ta kawo kuɗi. Saniyar da ta tsallake shekara ba ta haihu ba ta ci abincin shekara kyauta, kuma komai saurin girman 'ya'yan sauran ba za su cike gurbin maraƙin da ba a haifa ba. Littafi ne kawai zai tona ta, don irin waɗannan su ne suka fi sheƙi a garke tunda ba sa shayarwa. A ɓangaren namiji akwai awo ɗaya mai sauƙi, zagayen maraina da tef. Gadonsa yana da ƙarfi, wajen kashi 40, yana nuna yawan maniyyi, kuma an ga 'ya'ya matan bijimi mai manyan maraina suna saurin balaga. A irin shanun Turai ana neman aƙalla santimita 30 ga mai wata 15, da 34 ga mai shekara biyu, masu tozo suna jinkirin balaga don haka ba a yi musu hukunci da wannan ma'aunin kai tsaye.

Raunin awo a gida shi ne iyakarsa garkenka. Zai gaya maka wanda ya fi a cikin naka, ba zai gaya maka ko na wani garken ya fi naka ba tunda abincinku ba ɗaya ba. Kuma bijimi ba ya nono, ba ya haihuwa, ta yaya za ka san yadda 'ya'yansa mata za su kasance? Ingancin nama ma da sai an yanka ake gani, yanzu dai ana ɗora na'urar hoton ciki tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13 a auna tsokar baya da kitse dabba tana raye.

Wannan giɓin ne EBV da EPD suka zo cikewa. Tushensu lissafin da Charles Henderson na jami'ar Cornell ya gina, wanda ake kira BLUP. Kwamfuta tana haɗa awon dabbar da na iyayenta da 'yan uwanta da 'ya'yanta a duk garken da suke, ta cire tasirin wuri da abinci, ta bar ƙiyasin jini zalla. Abin da yake sa hakan ya yiwu shi ne bijimi ɗaya yana da 'ya'ya a garke da yawa ta hanyar ɗura wa shanu maniyyinsa, sai ya zama ma'aunin da ke haɗa garkunan. EBV darajar jinin dabbar ce gaba ɗaya, shi ake amfani da shi a Ostareliya da Ingila da Afirka ta Kudu, EPD kuma rabinsa ne, wato abin da ake sa ran gani a 'ya'ya, shi Amurka da Kanada suke bugawa kuma da laba suke lissafi ba kilo ba, a kula da wannan. In bijimi ɗaya yana da EBV na +30 a nauyin yaye ɗayan yana da +20, bambancin kilo 10 ne a jininsu, 'ya'yansu kuma za su bambanta da kilo 5 a matsakaici. Lambar ba ta ce maraƙinka zai kai kilo kaza ba, bambanci kawai take nunawa.

Abu biyu ne ake yawan tuntuɓe da su a nan. Na farko kowace lamba tana tafe da wata lambar da ke nuna ƙarfin tabbacinta. Ɗan bijimin da bai haifi ko ɗaya ba tabbacinsa ƙasa yake, lambarsa za ta iya hawa ko sauka sosai in 'ya'ya suka fara zuwa, tsohon da ke da ɗaruruwan 'ya'ya kuwa tasa ta zauna. Na biyu ba a kwatanta lambar iri ɗaya da ta wani irin kai tsaye, +40 na shanun Angus ba +40 na shanun Brahman ba ne don kowanne da inda ya fara ƙirga.

Sai babban tarkon, bin lamba ɗaya. Siffofin nan a ɗaure suke da juna. In ka bi saurin girma kaɗai nauyin haihuwa zai hau tare da shi, karsanu su fara wahalar haihuwa, 'ya'ya matan da ka ajiye su zama manyan shanu masu cin abinci da yawa duk shekara, alhali abinci shi ne ya fi rabin kuɗin da kiwo yake ci. In ka bi yawan nono a inda ciyawa ba ta isa, saniya za ta zuba jikinta a nono ta rame ta kasa ɗaukar ciki. Shanun Belgian Blue sun kai ƙarshen bin tsoka, wata tawaya a ƙwayar gado mai suna myostatin ta sa tsokarsu ta ninku, amma yawancin tsantsar irin sai an yi musu tiyata ake ciro maraƙi. Shi ya sa ƙungiyoyin masu kiwon kowane iri suke buga lamba guda da ta haɗa siffofi da yawa gwargwadon kuɗin da kowace take kawowa, kuma akwai ta mai sayar da duk maraƙa, akwai ta mai ajiye mata. Ka san wacce ce taka kafin ka duba.

Yanzu DNA. A 2001 ne masana uku, Meuwissen da Hayes da Goddard, suka nuna cewa za a iya ƙiyasta darajar dabba daga dubban alamomi da ke warwatse a DNA ɗinta, a 2009 kuma aka wallafa cikakken jerin DNA na saniya, wata Hereford ce aka yi aikin da ita. Yau sai a tsige gashin jela da saiwarsa ko a ɗan huda kunne a aika ɗakin gwaji, a karanta alamomi wajen 50,000. Amfaninsa na gaske lokaci ne. 'Yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya a takardar asali darajarsu ɗaya ce, amma kowanne abin da ya ɗebo daga iyayen daban ne, DNA yana nuna wanda ya ɗebo mai kyau tun yana jariri. A manyan iri irin Angus gwajin yana ɗaga tabbaci kamar a ce ɗan bijimin ya riga ya haifi 'ya'ya goma zuwa ashirin da wani abu, ya danganta da siffar. Ga siffofin da suke da wuyar aunawa, irin cin abinci kaɗan a yi girma, ko haihuwar 'ya'ya mata, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ga abin da masu talla ba sa tsayawa su bayyana. Kwamfutar da ke ƙiyasin ba ta san wace alama ce ta girma ba, koya mata ake yi, ana ɗauko dubban shanun da aka riga aka auna aka rubuta sannan aka gwada DNA ɗinsu, a ga wace alama ke tafiya da wane sakamako. In shanunka ba dangin waɗancan ba ne ƙiyasin yana raunana sosai, lissafin da aka koya a kan Angus ba ya aiki yadda ya kamata a kan masu tozo. Kuma ko a cikin iri ɗaya in aka daina awo tabbacin yana zaizayewa daga tsara zuwa tsara. Wato DNA a kan sikeli yake tsaye. Wanda ba shi da littafi ya tafi gwajin DNA don neman saurin girma a irin da babu wanda ya tara bayanansa, wallahi kuɗinsa kawai ya kashe.

Akwai dai aikin da DNA yake yi wa kowa ko da wane iri ne. Yana tabbatar da uba in bijimai da yawa ke cikin garke, kuma wannan kaɗai yana gyara littafi sosai. Yana nuna siffofin da ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da su, kamar rashin ƙaho, da cututtukan da ke ɓuya. A 2008 an gano wata cuta a Angus da ke sa a haifi maraƙi matacce da karkataccen ƙashin baya, ta bazu ne ta jinin wani bijimi da aka yi ta amfani da maniyyinsa saboda lambobinsa sun yi kyau. Mai ɗauke da irin wannan lafiyarsa ƙalau, sai an haɗa shi da mace mai ɗauke da ita sannan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan ya fito da cutar. Ido bai gani ba, lambobi ba su gani ba, gwaji ne ya raba masu ita da marasa ita cikin ɗan lokaci.

Wani abu da duk hanyoyin nan ba za su yi maka ba shi ne zaɓen irin da ya dace da inda kake. Lambar da aka tara a ƙasa mai sanyi da wadatar abinci ba ta san zafi da kaska ba. Brazil tana cikin manyan masu fitar da nama a duniya kuma akasarin shanunta Nelore ne masu tozo 'yan asalin Indiya, shanun N'Dama na Yammacin Afirka ƙanana ne amma suna rayuwa inda sammore ke kashe wasu. Misalin da ya fi burge ni irin shanun Bonsmara ne, wanda Jan Bonsma ya haɗa a Afirka ta Kudu, kashi biyar cikin takwas Afrikaner sauran Hereford da Shorthorn, da awo aka gina irin tun daga tushe kuma ba a yi wa dabba rajista sai da bayanan awonta. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Haɗa iri biyu kuma shi ne yake gyara abin da zaɓe yake jinkirin gyarawa, wato haihuwa da juriya da tsawon rai, binciken da aka yi a jihar Nebraska ta Amurka ya nuna tsarin haɗin iri da uwa ruwa-biyu zai iya ƙara nauyin maraƙan da ake yayewa kan kowace saniya da sama da kashi 20 cikin 100. Sharaɗin dai a yi shi da tsari, ba yau wannan gobe wancan ba.

Toh wa zai ɗauki wanne? In garkenka na samar da maraƙan yanka ne kuma ba ka rubuta komai yanzu, kuɗinka na farko lambar kunne da sikeli ya kamata ya tafi, ka fitar da juya da masu tsallake shekara, wannan zai canza garken fiye da duk wani gwaji. In kana sayen bijimi daga irin da ke da ƙungiya da lambobi, ka fara da takarda a gida ka ware waɗanda lambobinsu suka dace da buƙatarka, sannan ka je ka sa ido ka cire mai matsalar ƙafa ko hali, kar ka juya tsarin don in ka fara da kallo zuciyarka za ta riga ta zaɓa. In bijimin na barbarar karsanu ne sauƙin haihuwa ke gaba da komai. Gwajin DNA na cikakken ƙiyasi na mai sayar da iri ne, da mai zaɓen karsanu masu yawa a irin da aka tara bayanansa. Ko wanne ka bi, likitan dabbobi ya duba maniyyin bijimin da lafiyarsa kafin a sake shi, har da gwajin bakkale, don bijimin da ba ya ba da ciki lambobinsa ba su da inda za su je.

Sannan ka shirya jira. Ciki kwana 283 ne a matsakaici, masu tozo sukan ɗara da kamar mako guda, maraƙan farko sai sun kai wata bakwai ka auna yayensu, 'ya'yansa mata kuma ba za su haihu ba sai sun kai shekara biyu zuwa uku ko fiye, kenan sai bayan shekara uku zuwa huɗu za ka fara sanin irin iyayen da ya bar maka, a lokacin kuma dole ka riga ka canza shi ko ka raba shi da su don kar ya hau 'ya'yansa.